Jirgin da Ba Ya Tari

Shekara talatin da takwas ina sauraren injuna
a wannan ɗan filin jirgi na arewacin Norway,
inda teku ke lasar ƙarshen titi,
inda rana kan yi yaji in sanyi ya kama
sai an yi makonni ana bikonta.

Kunnena ne ma'aunina.
Inji ya yi tari, na san fulogi ne.
Ya yi shessheƙa, ruwa ya shiga mai.
Oddny takan ce ko a coci
ana jin ƙaurin man jirgi a rigata.
Ta wanke, ta wanke, ta haƙura.

Ranar Talata suka kawo baƙo.
Fari fat, dogon fiffike irin na tsuntsun teku,
ba tanki, ba bututun hayaƙi.
Na zagaya shi sau biyu da sufana a hannu,
ban ga inda zan ɗora ta ba.

Ingunn ce matuƙiya, 'yar Halvard mai shanya kifi,
wadda na taɓa toshe wa kunne da tafin hannuna
tana shekara shida, ƙarar farfela ta sa ta kuka.
Ta ce, Eilert, zo ka ji.
Na ce, in ji me?
Ta ce, yauwa, ka ji ke nan.

Ya ɗaga kamar an zare allura daga tufa.
Tumakin bayan shinge,
waɗanda tun kakanninsu suke watsewa in mun tashi,
ko kai ba su ɗago daga ciyawa ba.
Wannan ya ba ni haushi, ban san dalili ba.

Amma akwai abin da takardar talla ba ta faɗa.
Jirgin mai yana cinye kayansa a hanya,
yana tafe yana sauƙi,
ya sauka sakayau kamar wanda ya biya bashi.
Batir kuwa, cike ko fanko, nauyinsa ɗaya.
Da shi zai tashi, da shi zai sauka.
Na san irin wannan kayan.
Bara aka binne Oddny,
na yi kukan har ya ƙare,
nauyin yana nan yadda yake.

Ga sanyi, ɓarawon caji.
Dare ɗaya a waje ya yashe rabin ƙarfinsa,
dole a shigar da shi rumfa, a ɗumama shi kamar jinjiri.
Daga nan zuwa tsibirin gaba, minti ashirin,
da buhun wasiƙu da akwatin magani, zai iya.
Ƙetare babban teku da mutum ɗari uku?
Tukuna.
Manya har gobe sai sun sha, sai sun yi hayaƙi.

Na faɗa wa Ingunn haka, ina jiran gardama.
Ta cire safar hannu, ta ce, gaskiyarka.
Amma kakana da kwale-kwale yake kai mara lafiya,
bai ce a jira sai an ƙera naka ba.

Da dare na koma rumfa ni kaɗai.
Na yaye tamfol daga kan tsohon inji,
na shafa shi, hannuna ya yi baƙi, na ji daɗi.
Ban tayar da shi ba.
Ba yau zai mutu ba, na ce masa,
amma ka fara sallamar mutane.

Sannan na juya wurin baƙon.
Washegari da suka kunna shi don gwaji
na kara kunne kusa da murfin,
na daɗe, har yaran suka fara murmushi.
Can ƙasa, ƙarƙashin shirun,
wani siririn kuka, kamar sauro a ɗaki mai duhu.

Na ce, ku kashe. Boris ɗin hagu ne.
Suka duba na'ura, na'ura ta ce lafiya.
Suka kwance.
Ingunn ta miƙo mini sufana ba ta ce komai ba.